Gombe: Waƙar Soyayya a Layin 'Yan Takalma

Mutanen Kano da yawa, in ka ce musu Gombe, hatsi ne ke fara zo musu, ko simintin Ashaka. Masu ɗan shekaru su ƙara da auduga da jirgin ƙasa. Waɗanda kuwa suka riƙa kasa kunne ga rediyo a 2014 da 2015, sunayen da suka maƙale musu su ne Tashar Dukku da tashar Gombe Line da Babbar Kasuwa, domin a bakin masu karanta labarai suka fara jin su, kuma ba a labarin alheri ba. Ɗaurin auren 'yar wani aminina ne ya kai ni garin, shekaru bayan ƙurar ta lafa, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin abin da rediyo ya ba ni.

Ta Darazo muka bi. Kafin a kai Dukku, hanya takan tsallaka kogin Gwangola, kuma a nan gefen ne Gombe ta asali take, wato Gombe Abba, inda Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa cibiyar masarautar da ya karɓo tutarta a 1804. Direbanmu bai ko rage gudu ba, amma wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna wurin da haɓa, ya ce, "Can tushen yake." Turawa ne suka ɗauke hedikwatar suka kai Nafada a 1913, sannan suka sake ɗauke ta a 1919 suka kawo Doma, inda garin yake a yau. A wannan ƙasa ce kuma, a Burmi kusa da Bajoga, sojojin Ingila suka tarar da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a hanyarsa ta hijira zuwa gabas, aka gwabza ranar 27 ga Yulin 1903, ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya har Sudan, inda zuriyarsu take a Mai Wurno. Ƙasar Gombe ta daɗe da sanin mutanen da tafiya ta raba da nasu.

Garin a ƙasa-ƙasa yake zaune, tuddai na leƙo shi. Abin da ya fara burge ni shi ne tituna. Ka kutsa cikin Jekadafari ko Bolari ko Herwagana, ka bar babban titi ka shiga lungu, har yanzu kwalta kake takawa, ga magudanar ruwa a gefe. Wanda ya saba da lungunan wasu manyan biranenmu da damina zai gane abin da nake nufi. Jihar ba tsohuwa ba ce, ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ciro ta daga Bauchi, amma wurin da Allah ya ajiye ta ya ba ta abin da kuɗi ba sa saya: ita kaɗai ce ta yi iyaka da duk sauran jihohin arewa maso gabas biyar, Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba. Mai zuwa Yola ta nan zai bi, mai zuwa Biu ta nan, mai zuwa Potiskum ta nan. Layin dogo ya iso a 1963 a hanyarsa ta zuwa Maiduguri, shi ya kwashi auduga da gyaɗa shekara da shekaru.

A Tudun Hatsi na ga wannan albarkar da idona. Buhunan masara da wake da gero da riɗi jibge sun fi tsayin mutum, tireloli sun ja layi suna jiran lodi zuwa kudu. Wani dillali ya soka ɗan ƙarfensa mai tsini a cikin buhu, ya zaro wake a tafin hannu, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya tofar, ya faɗi farashi ba tare da ya dubi mai kayan ba. Mai kayan ya amsa masa da Fulatanci, ɗan dakon da ke tsaye ya sa baki da Hausa, wani a bayansu yana waya da harshen Tera. A tsakanin rumfa uku za ka ji Batangale da Bawaje da Babole da Babarbare, kowa da Hausarsa, kuma ba wanda ke gyara wa wani. Na zauna a kan wani buhu na sha fura da kindirmon da ban taɓa shan mai kaurinsa ba.

Wannan cunkoson da ya sa garin ya yi arziki, shi ne kuma ya sa masu tayar da bam suka sa masa ido. Tun a watan Mayun 2014 baƙin ciki ya fara zagaye shi: Sarkin Gombe Alhaji Shehu Abubakar ya rasu, kuma a hanyar zuwa jana'izarsa ne 'yan Boko Haram suka tare Sarkin Gwoza Idrissa Timta suka kashe shi. Ranar 31 ga Oktoba bam ya tashi a tashar Gombe Line. Ranar 22 ga Disamba wani ya tashi a Tashar Dukku, ya hallaka mutum kusan 20. Ranar 2 ga Fabrairun 2015 aka sake jin ƙara kusa da filin wasa, jim kaɗan bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya bar taron yaƙin neman zaɓe. Ranar 14 ga watan maharan suka shigo garin kansu, suna watsa takardun gargaɗin kada a fita zaɓe, har aka sa dokar hana fita. Sai ranar Alhamis 16 ga Yuli, jajiberin ƙaramar salla, da yammaci, Babbar Kasuwa maƙil da masu sayayyar salla, bama-bamai biyu suka tashi ɗaya bayan ɗaya, mutum kusan 50 suka rasu. Kwana shida bayan haka aka kai wa tashar Dadin Kowa da Tashar Dukku hari. Mu a Kano mun san irin wannan lissafin, muna da namu 20 ga Janairun 2012 da 28 ga Nuwamban 2014 na Babban Masallaci. Amma Gombe ba ta kai Kano girma ba, shi ya sa da wuya ka sami gidan da bai yi zaman makoki ba ko bai je ta'aziyya maƙwabta ba.

Ana gobe ɗaurin aure na raka mai masaukina kasuwa, zai saya wa ƙannen amarya takalma. Ya kai ni shagon wani saninsa, mutum mai fara'a, furfura ta fara fito masa a gemu. Shagon ɗan ƙarami ne, takalman yara rataye a igiya har bakin ƙofa, na manya jere cikin kwalaye. Muna cikin ciniki sai wata waƙa ta taso daga rumfar wani yaro mai tura waƙoƙi a waya, daura da mu. Waƙar fim ce ta soyayya irin ta shekarun baya, fiyano da sautin sarewa, namiji da mace na amsa wa juna, ɗaya ya yi nisa ɗaya yana jira. Irinta ɗaruruwa ne, duk wanda ya hau motar haya a Arewa a wancan zamanin ya ji su har ya gaji. Yaron ya hango mu, ya yi sauri zai canza. Mai shagon ya ɗaga masa hannu.

"Bar ta, ɗana. Bar ta ta ƙare."

Ya ajiye takalmin da ke hannunsa. Mai masaukina ya yi shiru, da alama ya san abin da ke tafe, ya ce a hankali, "Alhaji, Allah ya jiƙan mamaci." Ya amsa da amin, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kai baƙo ne, bari ka ji. Ƙanina ne ya sa wannan waƙar a layinsa. In ka kira shi, kafin ya ɗauka ita za ka ji. Na yi masa faɗa ba sau ɗaya ba. Na ce kai magidanci, da mata da ɗa, ka sa karatu mana ko wa'azi. Sai ya yi dariya ya ce, Hamma, ai zamani ne."

Ranar jajiberin sallar nan ta 2015, in ji shi, ya bar ƙanin a kasuwa ya tafi kai kayan buɗa-baki gida. Yana hanya ya ji ƙarar. Ya ciro waya ya kira. Da farko layi ya ƙi shiga, domin duk garin kira ake yi a lokaci guda. Da ya shiga, sai waƙar ta fara. Ta yi ta yi har ta katse. Ya sake kira, ta sake farawa daga inda takan fara. Haka ya yi ta yi yana gudu zuwa kasuwa, haka ya yi a bakin shingen da jami'an tsaro suka kafa, haka ya yi daga wannan asibiti zuwa wancan har dare ya raba.

"Muddin tana yi, ina cewa wayar na nan, to shi ma yana nan. Na riƙa cewa ko ta faɗi ne a cikin gudu. Malam, a daren nan na haddace ta ba da niyya ba."

Da safe ya gane gawar. Aka sauko daga idi aka yi jana'iza.

Ya ce ya daɗe ba ya iya jin ta. In ta taso a mota sai ya ce a tsaya ya sauka, in a gidan biki ne sai ya fice. Yaran kasuwa duk sun sani, shi ya sa wancan yaron ya yi saurin canzawa. Amma wata rana, shekaru bayan haka, da kansa ya je rumfar ya miƙa wayarsa ya ce a tura masa. Yanzu in ya rufe shago wani lokaci yakan kunna ta shi kaɗai. "Ina yi masa addu'a kullum, wannan daban," in ji shi. "Ita kuwa wannan, in na ji ta sai in ga kamar yanzu zai ɗauka ya ce, Hamma, ya aka yi?"

Na daɗe ina cikin masu kallon irin waɗannan waƙoƙi a matsayin kayan yara, kuma ba zan ce duk sukar da ake yi musu ba ta da tushe ba. An san yadda ake yin su: ɗan ɗaki a titin gidan zoo a Kano, makaɗi ɗaya da fiyano, mawaƙi da mawaƙiya, na'ura ta gyara murya, a kai wa mai fim ya ɗora rawa a kai, salon da aka ɗauko daga fina-finan Indiya da iyayenmu suka kalla a silima. Malamai sun yi ta wa'azi a kansu, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001 ta yi ta kai ruwa rana da masu yin su. Amma a shekarun da ake tayar da bama-bamai, muryoyin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da ire-irensu ne ke cikin kowace tasha da kowane shagon caji, a memori, a wayar nan 'yar China mai ƙarar tsiya, a lasifikar mai shayi. Kuma tasha da kasuwa su ne aka fi kai wa hari. Don haka sautin ƙarshe da mutane da yawa suka ji, da wanda 'yan uwansu suka ji suna neman su, shi ne wannan. Ba wanda ya zaɓa. Mawaƙin ya rubuta wa saurayi da budurwa ne, amma kalmomin rabuwa da jira da rashin amsa ba su san wanda zai ɗauke su ba. Ga magidanci mai furfura ya ɗauke su ya ɗora wa ƙaninsa, sun kuma zauna daram.

A watan Mayun 2017, bayan harin da ya kashe mutum 22 a wurin wasan mawaƙiya Ariana Grande a Manchester ta Ingila, jama'a sun taru a wani dandali na birnin suka yi shiru na minti ɗaya. Shirun na ƙarewa sai wata mata ta fara rera wata tsohuwar waƙar ƙungiyar Oasis, 'yan garin, taro ya amsa, duniya ta gani a talabijin. Tun daga ranar waƙar ta zama ta makokin birnin. Mu ba haka muke yi ba, kuma ba zai yiwu a yi haka a Gombe ba. Makokinmu na addu'a ne. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a zo a yi fatiha, a ce Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri, a tashi a ba wasu wuri. Ba kiɗa, ba waƙa, ko rediyon maƙwabta sai a rage. Ana son mai rashi ya daure, ya ce Allah ne ya ba da, shi ya karɓa. Ina ganin wannan tsari yana da kyau ƙwarai, ya riƙe mutane a lokacin da ba abin da zai riƙe su. Sai dai bayan an naɗe tabarmi, an yi sadakar uku da ta arba'in inda ake yi, matar mamaci ta fita takaba, kewa ba ta naɗe nata. Namiji a ƙasarmu ba shi da wurin da zai tsaya ya ce ina kewar ƙanina, muryarsa nake son ji. Waƙar soyayya ta faɗi wannan a fili ba kunya, ita ce sana'arta. Abin da Turawan Manchester suka yi a dandali da murya ɗaya, mutanen Gombe sun yi shi ɗai-ɗai, kowa da wayarsa a kunne, ba mai ɗaukar hoto. Ban ga dalilin da zai sa a ce nasu ya fi wannan nauyi ba.

Mun ma taɓa ganin irin wannan a Arewa kafin zamanin bam. Lokacin da jaruma Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003, a hanyar kai ta gidan miji, da lokacin da Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗari kusa da Azare ranar 1 ga Janairun 2007 yana hanyar Maiduguri, mutane sun koma kan kasusuwan fina-finansu. Wurin da ake dariya a da, ana kallon saurayi na bin budurwa da waƙa a cikin lambu, sai ɗaki ya yi tsit, mata na share hawaye da gefen mayafi. Fim ɗin bai canza ba ko da daƙiƙa ɗaya. Bambancin Gombe shi ne waɗanda aka rasa ba taurari ba ne, masu sayar da takalma ne da 'yan kamasho da mata masu sayen lalle da kayan miyan salla, kuma ba su bar wani faifai ba sai waƙar da suka ara suka sa a layinsu.

A gidan mai masaukina, a Pantami, akwai wata baiwar Allah da ke taya matarsa aikin abincin biki. 'Yar Damboa ce, ta iso Gombe a 2014 lokacin da garinsu ya faɗa hannun maharan, ita da 'ya'yanta, ba ta san kowa ba. Wani mai gida a unguwar ya ba su ɗaki, maƙwabta suka kawo tabarma da tukunya. Yanzu tana da injin markaɗe, babbar 'yarta tana karatu a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada. Wannan shi ne abin da ya fi girma a idona cikin duk abin da na gani a garin. Dubban mutane daga Borno da Yobe da Adamawa sun kwararo nan a shekarun, a daidai lokacin da kowane baƙo mai ɗauke da jaka abin tsoro ne, kuma akasarinsu a cikin unguwanni suka zauna, a gidajen mutane. Garin da ake tayar wa bam a tasha bai rufe tasharsa ba.

Da na ba matar gidan labarin mai takalma, wannan baiwar Allah tana gefe tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Malam, ni ma akwai wadda in aka sa nake barin aiki."

Na ce, "Hajiya, ta tuna miki wani ne?"

Ta ce, "Gari take tuna mini. Mai waƙar yana cewa ne an raba shi da masoyiyarsa, ni kuwa ƙofar gidanmu nake gani, da bishiyar da ke wurin, da maƙwabciyata mai sa ta kullum da safe in tana shara. Ban san inda take ba yanzu." Ta koma kan tankaɗenta.

Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. Bam ɗin kasuwa bai tambayi kowa addininsa ba, kuma Gombe gari ne da coci da masallaci ke kallon juna a titi guda. Da safiyar Lahadi na wuce ta gefen wata majami'a na ji matan zumunta suna rera waƙa da Hausa, da tulu da kacau-kacau, muryoyi kusan ɗari a haɗe. Su suna da wannan hanyar, waƙa a cikin ibadarsu take, har a jana'iza. Wani malamin makaranta Batangale da muka yi hira da shi a wurin mai shayi ya ce mini akwai waƙoƙin da tun yana yaro ake yi a cocinsu yana bi da baki kawai, sai bayan shekarun nan ya fara jin abin da suke faɗi.

Na kai maganar gaban limamin da ya ɗaura auren, dattijo mai natsuwa, wanda aka ce mini ba ya sassauci kan kiɗa. Ina tsammanin zai rufe zancen da kalma ɗaya. Ya saurara har na gama, ya ɗan yi jim, ya ce, "Ɗana, hukuncin kiɗa yana nan inda yake, ba ni zan canza shi ba. Amma mutumin da kake faɗa, ni na sallaci ƙaninsa. Ka ce ya yawaita yi masa sadaka." Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba. Na ga hikima a yadda ya tsaya kan abin da ya sani bai kuma taka zuciyar mutum ba, kuma irin wannan sanin ya-kamata na yi ta cin karo da shi a garin.

Da dare aka yi walimar mata a tsakar gida, muna waje a kan benci muna jiyo lasifika. Mai sa kiɗa ya jero sababbin waƙoƙi, 'yan mata na ta shewa, har da ta Hamisu Breaker ɗin nan da ta karaɗe Arewa a lokacin kullen korona na 2020. Can sai ya waiwaya baya ya saka tsofaffi, na shekarun da nake magana, domin iyayen amarya su ma su taka. Matar gidan ta gaya mini daga baya cewa a irin wannan lokacin filin yakan rabu ba tare da kowa ya shirya ba: wasu su miƙe da murna don waƙar ta tuna musu amarcinsu, wasu su zame su shiga ɗaki. Ba mai tambayar wani dalili, ba kuma mai cewa a kashe. In ta ƙare sai a je a riƙo hannun wadda ta shiga ɗaki a dawo da ita, a miƙa mata abinci.

Kafin in bar garin mai masaukina ya dage sai na ga Dadin Kowa. Tafiyar ba ta da nisa, gabas da gari a hanyar Biu. Madatsar ruwan tana kan Gwangola, kogin nan dai da muka tsallaka a Gombe Abba, kuma yanzu tana ba da wutar lantarki megawat 40 bayan shekarun da ta yi tana jira. Gefen hanya lambuna ne kore shar da rani, tumatir da albasa da shinkafa, a Kwadon kwanduna jere har bakin kwalta. Muka ci soyayyen kifi da yaji a bakin ruwa, masunta na gyaran koma a inuwa, rediyonsu na rataye a reshe.

Ranar komawa na biya kasuwa in yi wa mai takalma sallama. Na tarar da wani yaro matashi a shagon yana jera kwalaye, yana karanta lambar kowane takalmi da ƙarfi yana rubutawa a littafi. Ɗan marigayin ne. Alhaji ya ce yana zuwa makaranta da safe, da yamma ya zo shago, kuma ya fi shi iya lissafi.

"Malam, tunda kai mutumin Kano ne," in ji shi, "in an yi hutu ina so in fara tura shi Ƙofar Wambai saro kaya, ya san hanya, ya san mutane. Amma ba na so ya kwana a tasha."

Na ce ɗakin baƙi na nan a gidana, ya turo shi duk lokacin da ya shirya. Yaron ya karɓi wayata ya sa mini lambarsa, baffansa ya cusa mini takalman yara ƙafa biyu a leda ya ce na jikoki ne, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya kuma sa aka tsayar mini da ɗan acaɓa zuwa tasha.